Kabad ɗin Kwastan

Mahaifina malamin lissafi ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa a sakandare guda, ashirin daga ciki kuma shi ne mai kula da ladabtarwa. Ɗalibai ba sa kiran sunansa a bayan ido, Kwastan suke ce masa, don babu abin da zai tsallake ƙofar aji bai ƙwace ba: madubi, cingam, jan baki, ɗan rediyon aljihu, daga baya kuma waya. Amma duk cikinsu littafin labari ya fi tsana. Daga bakin taga yake hango shi, ko da an sa masa bangon littafin kimiyya. Yakan ce a fuska yake gane mai karatun ƙarya, wai bai taɓa ganin yaron da ke murmushi a kan darasin ƙwayoyin halitta ba.

Dogo ne siriri, kullum da biro uku a aljihun gaba, ja da shuɗi da baƙi. Ofishinsa ɗan tsugul ne a ƙarshen baranda, jikin siton makaranta. Tebur ɗaya, kujera biyu, sai wani kabad na ƙarfe mai ruwan toka wanda ƙofarsa ke kuka in an buɗe. Duk abin da ya ƙwace nan yake shiga. Madubi da rediyo akan mayar wa mai su ƙarshen zango, littafi kuwa in ya shiga ya shiga ke nan.

A gida ma haka muka taso, mu huɗu, ni ce auta. Ranar da ya kama babban yayanmu da wani littafin 'yan sanda da ɓarayi a ƙarƙashin filo, bai dake shi ba. Lissafi hamsin ya rubuta masa, ya ce tunda yana da lokacin banza ga abin yi. Umma ba ta sa baki a irin wannan, sai dai ta girgiza kai ta koma kicin.

Da ya yi ritaya, motar makaranta ta kawo shi gida da kwalaye shida, kowanne an rubuta a jikinsa da jan biro: tsofaffin takardun jarrabawa. Ya jera su a bayan ƙofar ɗakinsa. Umma ta yi mita har ta gaji, ta ce kyankyasai kawai yake tara mata, shi kuma ya ce takardun hukuma ne, ba a zubarwa. Bayan shekara huɗu Umma ta rasu. Ba a jima ba ciwon suga ya taɓa masa ido, gani ya yi ta ja baya har ya zama ba ya bambance baƙi da fari a takarda. Ni ce gidana ya fi kusa, sai na riƙa biyowa kullum da yamma in na tashi daga aiki, in duba magungunansa, in karanta masa jarida.

Wata ranar Talata ina tsakiyar karanta masa labarin gyaran hanya ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce jaridun nan duk abu ɗaya suke maimaitawa. Ya yi gyaran murya, ya sake yi, sannan ya ce in jawo kwali na biyu daga sama, akwai abin da yake so a duba masa. Na jawo na buɗe. Babu takardar jarrabawa ko ɗaya. Littattafan labari ne a jere kamar a kanti, kowanne da 'yar takarda a ciki mai ɗauke da sunan ɗalibi da ajinsa da ranar da aka ƙwace.

Na ɗago na dube shi, na tarar ya juya fuska bango.

"Akwai wani mai koren bango," in ji shi, muryar can ƙasa. "A shafi na ɗari da goma sha biyu na tsaya. Wata takwas ke nan ban san wanda ya kulle likitan nan a ɗaki ba."

Dariya ta ƙwace mini. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi, don na ga yadda wuyansa ya sunkuya. Ya ce in yi dariyata, ya cancanta. Na haɗiye sauran, na nemo mai koren bangon, na fara daga inda ya tsaya. Kafin in gama shafi biyu ya juyo, ya matso bakin kujera, bakinsa a ɗan buɗe kamar yaro.

Daga ranar jarida ta huta. Tsakanin babi da babi kuma ya riƙa ba ni labarin yadda abin ya faro, kaɗan-kaɗan, kullum yana kallon wani wuri daban.

Ya ce a shekararsa ta biyu a kan muƙamin ne. Yana sa ido a jarrabawar awa uku, ga wani littafi a aljihunsa da ya ƙwace da safe. Ya buɗe da niyyar nemo abin da zai rubuta a rahoto. Labarin wani direban jirgin ƙasa ne da aka ɗora wa kisan da bai yi ba, yana gudu 'yan sanda na bin sa. Baba ya ce ya ji zuciyarsa na bugawa har a kunne, tafin hannunsa ya jiƙe, ya manta da yara tamanin da ke gabansa. Bai farga ba sai da shugabar makaranta ta leƙo ta tambayi dalilin da ya sa ba a karɓi takardu ba, lokaci ya wuce da minti ashirin da biyar. Ya ce mata agogonsa ne ya tsaya. Don ƙaryar ta zauna, da aka tashi sai ya kai lafiyayyen agogo wurin mai gyara, mutumin ya jujjuya shi ya rasa abin da zai gyara.

Tun daga nan, da an kaɗa ƙararrawar tara sai ya kulle ofis ta ciki. Sauran malamai sun ɗauka makin takardu yake yi, har shugaba takan kafa misali da shi a taron malamai.

Na ban tsoro su suka fi wulaƙanta shi. Ya tuna wani a kan rijiyar da ke tsakar wani tsohon gida, wadda ke kiran mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya da muryar wanda suka rasa. Da rana tsaka yake karantawa, yara na ihu a filin wasa, amma ya ce tsigar jikinsa tashi take yi. Akwai famfo mai ɗiga a sito, bango ɗaya ya raba su, sai ya riƙa jin ɗigon kamar ana ƙirga masa. Ana haka shugaba ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ya zabura, littafi ya yi sama, gwiwarsa ta daki ƙasan tebur. Kwana uku yana ɗingishi, ya ce wa kowa a banɗaki ya zame. Na tambaye shi ko ya jefar da littafin. Ya ce ina, ai washegari ya ƙarasa shi, sai dai ya fi wata bai leƙa tankin ruwan gidanmu ba. Na tuna lokacin, Umma ta ɗauka ciwon baya ne ya hana shi hawa tsani, har man zafi ta saya masa.

Na almara kuwa, masu dodanni da ƙasashen da babu su, ya ce sam ba su burge shi ba. Wai akwai wani mai taswira a shafin farko, inda mutane ke hawa manyan tsuntsaye. Ya ɗauki rula ya auna taswirar, ya gano tafiyar da marubucin ya ce ta kwana uku ce ba za ta yiwu a ƙasa da kwana tara ba. Mako guda yana jin haushi. Na ce to ai shi ke nan, ya rabu da su. Sai ya ce littafin kashi na ɗaya ne, kuma a daidai inda tsuntsun ya faɗa teku da yarinyar ya ƙare. Zango guda cur ya yi yana zazzage jakunkunan ɗalibai a bakin get, safe da rana, yana neman kashi na biyu. Ɗaliban wancan lokacin har yanzu suna ba da labarin shekarar da Kwastan ya haukace. Bai samu ba.

Na soyayya su ne a can ƙasan kabad, kuma shekaru bai taɓa su ba. Ya ce ko a ɓoye yana ganin ya fi ƙarfinsu. Da muka zo nan a hirar sai ya daina ba ni labari, kwana da kwanaki. Karatu kawai. Sai wata yamma, na ajiye littafi zan tashi, ya tambaye ni ko na tuna yarinyar da ake ce wa Kalkuleta.

Na tuna ta. Ina aji ɗaya tana aji biyar. 'Yar siririya ce mai tabarau, kullum a kujerar gaba, kafin malami ya gama rubuta tambaya a allo ta ɗaga hannu. Baba da kansa yakan ambace ta a gida, abin da ba ya yi wa kowa. Wata rana ya shiga ajinsu ba zato ya same ta ta duƙufa tana rubutu a wani littafi mai bangon ruwan ƙasa. Ya fizge. Ba bugagge ba ne, labarin soyayya ne da ita da kanta take rubutawa da hannu.

Washegari a taron safe ya kira ta gaba, gaban ɗalibai fiye da ɗari shida. Ya buɗe wani shafi, ya siranta murya kamar ta mace, ya karanta layi biyar ko shida masu kalaman ƙauna, yana dafa ƙirji. Fili ya ɗauki dariya, har malamai. Ni ma ina layin 'yan aji ɗaya ina ƙyalƙyatawa, ina jin daɗi ubana ne ke ba kowa dariya. Ita kuwa tana tsaye hannu a baya, tabarau ya zamo mata kan hanci, ba ta gyara ba. Daga ranar sunanta ya koma Madam Soyayya. Ta bar kujerar gaba, ta daina ɗaga hannu, ƙarshen zango iyayenta suka sauya mata makaranta.

Baba ya ce a ranar ƙarshe ta zangon, bayan an watse, ya ɗauko littafin. Shafi saba'in da 'yan kai. Labarin wani mai gyaran takalma ne a bakin tasha, mai tsananin kunya, da wata mai sayar da tikiti da ke kawo masa takalmi ɗaya duk mako wai a gyara, alhali lafiyarsa ƙalau. Shi kuma sai ya karɓa, ya goge, ya mayar mata, bai ce komai ba. Shafin da Baba ya yi wa dariya shi kaɗai ne mai kalaman ƙauna a duk littafin, kuma wasiƙa ce da mai gyaran takalman ya rubuta ya yayyaga bai ba ta ba. An sauya wa matar wurin aiki zuwa wani gari, ta zo da takalmin karo na ƙarshe, ta tsaya a gabansa. Nan rubutun ya yanke a tsakiyar jimla, biro ya ja dogon layi har ƙasan shafi, daidai lokacin da aka fizge.

Ya ce ya zauna a ofis har maigadi ya zo kulle baranda. Da ya isa gida ya tarar da Umma tana ninke wanki a kan gado. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ta, akwai maganar da yake so ya yi, shekara ashirin da aure bai taɓa yin irinta ba. Ta ɗago ta ce lafiya. Sai ya tambaye ta ko an goge masa farar rigarsa.

Littafin Kalkuleta ba ya cikin kwalaye. A akwatin tufafinsa yake, cikin leda, kuma bai taɓa cewa in karanta masa shi ba. Ya ce ba ya bukata, ya haddace. Abin da yake so shi ne in nemo masa mai shi.

Ba ta yi wuyar samu ba. Na yi tambaya a zauren tsofaffin ɗalibai na waya, kafin awa biyu aka turo mini lamba da kwatance. Ta karanci haɗa magunguna, tana da shagonta a wani babban titi a ɗaya gefen gari. Na so in fara kiran ta, Baba ya hana, ya ce in ta ce kada mu zo ba shi da ta cewa.

Ranar Asabar da hantsi muka ɗauki tasi. Ya sa tufafinsa mafi kyau, ya soka biro ukun nan a aljihu duk da ba ya ganin abin da zai rubuta. Shagon fes yake, ga sanyin na'ura, ga kwalabe a jere har sama. Tana bayan kanta cikin farar riga, ta yi ƙiba kaɗan, tana yi wa wata tsohuwa bayanin yadda za ta sha magani. Da ta ɗago ta gan shi riƙe da hannuna, sai ta miƙe tsaye sak, hannunta ya tafi gyara wuyan riga, kamar wadda za a duba wa yunifom. Mace mai shekara arba'in.

Ta gaishe shi da ladabi, ta sa aka kawo kujera. Ya ƙi zama. Ya ciro ledar ya lalubi kanta ya ajiye. Jawabin da ya kwana biyu yana shiryawa duk ya zube. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne ya zalunce ta, ya san ya zalunce ta tun a shekarar, kuma shi da ya yi mata dariya ya karanta littafin nan ya fi sau talatin.

Ta buɗe ledar, ta dubi bangon, ba ta buɗe littafin ba.

"Ya wuce, Malam," ta ce, da irin muryar da ake sallamar mai saye.

Ya tambaye ta ko ta ci gaba da rubutu. Ta ce tun ranar ba ta sake rubuta komai ba in ban da safe ɗaya, rana ɗaya, dare ɗaya a jikin kwalin magani. Karatun labari ma ta daina, ko 'ya'yanta ta gani da shi sai gabanta ya faɗi. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Sannan ta dube ni ta ce ni ce 'yarsa da ke aji ɗaya, ko? Na ce ni ce. Na san abin da ya kamata in ƙara, amma sai na tsaya ina kallon sikelin awon nauyi da ke gefen ƙofa.

Na ja hannun Baba mu tafi. Ya yi taku biyu ya tsaya, ya juyo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don na gane abin da zai tambaya.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Matar nan, ta tafi ne?"

Ta dube shi. Ta ce ba ta tuna ba. Wani mutum ya shigo da takardar likita, ta juya wurinsa.

Muka koma gida. Kwana tara bai nemi a karanta masa komai ba, abinci ma sai na matsa. Ya ce da ya sani bai yi tambayar ƙarshen nan ba, ya je neman gafara ya ɓuge da roƙo.

A rana ta goma, da la'asar, wayata ta yi ƙara ina gidansa. Ita ce, ta samu lambata a zauren nan. Ta ce in ba ta Malam. Na buɗe muryar na ajiye wayar a hannun kujerarsa. Ta ce ta karanta littafin, rubutun yarinta ne, kurakurai sun yi yawa. Amma akwai abin da ta gani a gefen shafuka, da fensir, kuma ko a ina ta ga wannan rubutun za ta gane shi, don shekara biyu tana kwafe shi daga allo. Sai ta fara karantowa. A shafi na goma sha tara an rubuta, yi magana mana, bawan Allah. A na talatin da huɗu, takalmin lafiyarsa ƙalau, kai ne ba ka gani. A na sittin, kada ka yaga. A fararen shafukan baya kuma wani ya gwada ƙarasa labarin har sau uku, yana sokewa.

Baba ya daskare. Ashe ya manta da su sam, idon da zai tuna masa kuma babu.

Na ji ta yi 'yar dariya gajeriya. Ta ce yanzu ta tuna, niyyarta matar ta tafi, kuma ko yau aka ba ta biro tafiyar za ta yi, don irin waɗannan mazan ba sa magana. Baba ya ce haka ne.

"Ban ce na manta ba, Malam," ta ce. "Amma na ga ka karanta."

Daga nan ta koma muryar aikinta. Ta tambayi sunan maganin da ake ɗiga masa a ido, na faɗa mata, ta ce a riƙa ba da tazarar minti goma tsakanin na farko da na biyu, kuma kada a ajiye shi kusa da taga. Ta yi sallama ta kashe.

Na ɗauke wayar daga hannun kujerar. Can ya tambaye ni ko ina ganin ta iya karanta waɗanda ya soke. Na ce ga alama ta karanta. Ya sa tafukansa biyu ya rufe fuska, ya daɗe a haka. Ta tsakanin yatsu ya ce kada in kuskura yayyena su ji wannan magana, musamman babban. Sannan ya ce in kawo masa ruwa in ɗan ba shi wuri.

Na kawo ruwan na ajiye inda hannunsa zai kai, na fita baranda na zauna da wayar a cinya. Lambarta na nan a sama. Na rubuta mata cewa ni ma ina filin ranar, kuma na yi dariya. Na goge, na sake rubutawa, na tura kafin in sake tunani. Alama ta nuna ta karanta. Ba ta ba da amsa ba.